Hattara da Yarfen Auren Jinsi

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, akwai gangar da 'yan siyasa ke ɗaukowa su kaɗa, kuma 2027 na tafe. Saƙon murya ne zai faɗo wayarka, ya buɗe da sallama da salati, mai magana ya rantse cewa jam'iyya kaza ta karɓi kuɗin Turawa don ta halatta auren jinsi, ko kuma wane yana ɗaure wa masu yi gindi. A ƙarshe ya roƙe ka don girman Allah ka tura wa wasu. Ba sunansa, ba takarda, ba shaida. A saurare shi da safe a teburin mai shayi a Kanya Babba, kafin la'asar ya zaga Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa. Jama'a, mu yi hattara. Wannan yarfe ne, kuma mu zai fara ci kafin ya taɓa waɗanda aka yi dominsu.

Mu fara da abin da ke rubuce. Majalisar Dattawa ta amince da dokar hana auren jinsi a 2011, ta Wakilai ta bi baya a 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Janairun 2014, da hukuncin ɗaurin shekara 14. 'Yan majalisar jam'iyya mai mulki da na adawa duk bakinsu ɗaya a kai. Jihar Jigawa kuwa tana aiki da shari'ar Musulunci tun 2000. To wace muhawara ce ta rage tsakanin jam'iyyu, da har za a ce ƙuri'arka ce za ta raba gardama?

Amma ba a daina ba. Ana dab da zaɓen 2015, kakakin yaƙin neman zaɓen PDP, Femi Fani-Kayode, ya zargi Muhammadu Buhari da yi wa ƙasashen Yamma alkawarin halatta auren jinsi. Buhari ya yi shekara takwas a mulki, dokar na nan inda take. Da jam'iyyarsa ta APC ta hau, sai yarfen ya koma kan gwamnati. A watan Yulin 2024 jaridar Daily Trust ta buga cewa yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya ta sa wa hannu da Tarayyar Turai, tana ɗauke da sharaɗin amincewa da masu neman jinsi, har da batun dala biliyan 150. Ƙasa ta ɗauki zafi, aka hau mumbari, aka yi ta Allah wadai. Hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta bincika, ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar kuma ta fito ta nemi afuwa. Wannan ya nuna dattako. Sai dai mutum nawa ne cikin waɗanda suka tura labarin farko suka tura na gyaran?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda yarfen ke sauka. Babban ɗan siyasa yana da lauya da 'yan sanda a ƙofar gida, gobe ma za ka gan shi ya sauya sheƙa, yana cin abinci kwano ɗaya da wanda ya zarge shi. Wanda ba shi da kowa shi ne yaron unguwa: tela, ko mai sayar da abinci a tasha, ko ɗalibin da ya manna hoton ɗan takarar da wani ba ya so. Da zarar an nuna shi da yatsa, an gama da shi. Masu kawo ɗinki su ɗauke ƙafa. A zo a kwashe lefen ƙanwarsa. Mahaifiyarsa ta daina shiga biki da suna, mahaifinsa ya koma sahun ƙarshe a masallaci. Ko daga baya gaskiya ta fito, ba mai bi gida gida yana wanke shi.

Wani lokaci ma abin ba ya tsayawa a kan mutunci. A Fabrairun 2014, a unguwar Gishiri ta Abuja, gungun mutane sun fito da samari fiye da goma daga ɗakunansu cikin dare suka lakaɗa musu duka, kan zargi kawai. Mu kuma da muka yi kukan mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a Maris na 2025, suna hanyar komawa Kano yin Sallah, mun san abin da taron da ya fusata ke yi idan aka ce masa ga mai laifi. Ba a tambaye su ba, ba a kai su gaban alƙali ba. Duk wanda ya la'anci abin da aka yi a Uromi ba shi da bakin halatta irinsa a ƙofar gidansa, ko wane ne aka zarga, ko da me aka zarge shi.

Mai fakewa da addini yana yarfe ya sani addinin bai ba shi wannan dama ba. Musulunci ya hana bin diddigin asirin mutane, ya tsananta sharaɗin shaida, ya kuma tanadi bulala 80 ga mai ƙazafi. Wanda ya danna ya tura ba tare da ya tabbatar ba, ya sa hannunsa a ciki.

Kuma ana cikin wannan ƙura ne ake sulalewa da tambayoyin da suka kamata a amsa: kuɗin buhun taki, famfon da ya kafe, ajin da yara ke zaune a ƙasa, asibitin da ba ma'aikaci da dare. Malamanmu, ku tantance labari kafin ku hau mumbari da shi. Dagatai da masu unguwanni, ku kira duk mai yaɗa sunan ɗan wani ku ce ya kawo shaida ko ya janye a bainar jama'a. Shugabannin jam'iyya na mazaɓu kuma ku ja kunnen sojojin bakanku tun kafin a fara yawon kamfen.