Me ke sa injin tsohuwar Prius karkarwa?

A hanyar Bagudo zuwa Tsamiya, inda ake ƙetarawa Segbana ta ƙasar Benin, ƙura da fetur ɗin jarka suna wahalar da tsohuwar mota mai haɗa batir da fetur. Toyota Prius ƙirar 2010 zuwa 2015 takan yi karkarwa idan inji ya tashi da sanyin safiya.

Akan yi saurin zargin babban batir, alhali galibi silinda ce ta kasa ƙona mai. Na'urar bincike takan nuna lambar P0301 idan silinda ta farko ce. Bakanike mai lura sai ya musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciya. In lambar ta koma P0302, laifin kwayil ne. In ba ta sauya ba, a duba fulogi, da toshewar bututun EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji, da ruwan lagireto, domin raguwarsa kan nuna gasket ya ƙone.