Allurar kashe zafin yatsa: guda ko biyu?

Lokacin girbin hatsi, masu ciwon yatsa suna yawa a likitar Dakoro. Wani lauje ya yanke shi. Wani igiyar guga ta ja mishi yatsa a bakin rijiya. Wani kuma karkare ya hana shi barci. Da yawa suna zama gida don tsoron ɗinki, har ciwon ya ruɓe.

Ba a ɗinkin yatsa sai an kashe zafi tukuna. Maganin da ake sawa sunanshi lidokayin. An haɗa shi a ƙasar Suwidin a 1943.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ciwo yana kan yatsa, amma a gindi ake yin allura. Ga dalili. Kowace yatsa tana da jijiyoyin ji guda 4: biyu ta wajen tafi, biyu ta baya. Duka ta gindi suke bi. In magani ya tare su can, yatsa ta mutu har kai. Kan yatsa kuwa matsattse ne, babu wurin da ruwan magani zai zauna. In akwai mugunya ma, magani ba ya kamawa sosai a wurin.

Tsohuwar hanya allura biyu ce. Ana soka ta bayan hannu, guda a kowane gefen gindin yatsa. Tana kashe yatsa ciki da baya.

Hanya ta biyu allura guda ce. Ana soka ta wajen tafi, daidai layin da yatsa ta haɗu da hannu. Magani ya tsaya ƙarƙashin fata, ya bazu dama da hagu. Likitoci sun gwada hanyoyin nan, sun ga kusan daidai suke kashe zafi. Ga yaro mai tsoro, suka guda ta fi sauƙi, don yaron da ya sha ta fari da wuya ya miƙa hannu a yi ta biyu. Amma tana da aibu: wani lokaci ba ta kashe bayan yatsa kusa da gindi. In ciwon can yake, sai a ƙara wata ko a yi tsohuwar hanya.

Akwai ta uku, wadda aka bayyana a 1990. Allura tana shiga har cikin kuben jijiyar da ke lanƙwasa yatsa. Tana aiki, sai dai wurin yakan yi ciwo daga baya.

Malamin likita ne ke zaɓe, bayan ya duba inda ciwon yake. Mai ciwo ya cire zobe tun yatsa ba ta kumbura ba. Ya faɗi in allura ta taɓa ba shi wahala. Bayan allura a jira minti 5 zuwa 10. Zai ji ana taɓa shi, wannan ba komi. In zafi yake ji, ya faɗi kafin a fara.

Yatsa takan kai awa 1 ko 2 a mace. Kafin ta farfaɗo, a nisanta ta da wuta da ruwan zafi, don tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba.