Fijo mai ƙofa biyu: yadda na riƙe motar sha'awa ba tare da ta cinye mini jari ba

Da igiya aka jawo ta zuwa ƙofar gidana a Zangon Kotono, a daminar 2015. Tayoyi biyu a sace, ciyawa ta tsiro ta ƙarƙashin kujerar direba, ƙadangaru sun mayar da but ɗinta gida. Hajiya ta leƙo daga soro, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Alhaji, yanzu kuma gwangwan ka koma saye?"

Ban ga laifinta ba. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da leshi nake sayarwa a kusa da Dantokpa, kuma a wajenmu mota ko dai ta ɗauki kaya ko ta ɗauki iyali. Wannan kuwa ba ta iya ko ɗaya. Ƙofarta biyu, kujerar baya ma sai yara.

Abin da ya sa na saya

Mahaifina direban haya ne. Da Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo, ya ciyar da mu, yana jigila tsakanin Kano da Maraɗi ta Jibiya. Duk wanda ya tashi a arewa ya san motar nan, tunda a Kaduna aka riƙa harhaɗa ta tun daga 1975, ta yi tasi, ta yi motar gwamnati, ta yi motar asibiti. Na ɗauka babu abin da ban sani ba game da ita, sai ranar da na je karɓar bashi a Porto-Novo, na hango wata a bayan gidan wani tsohon ma'aikaci da ya rasu. Tambarin zaki ne a gabanta, lamba 504 a bayanta, amma gajeriya ce, ƙasa-ƙasa, da ƙananan fitilu huɗu a goshi. Magada suna neman wanda zai raba su da ita. Na ba da sefa miliyan ɗaya da rabi.

Daga baya na san abin da na saya. Sunanta 504 Coupé. An fara nuna ta a baje kolin motoci na Geneva a 1969, aka daina ƙera ta a 1983. Kamfanin Pininfarina na Italiya, wanda ya daɗe yana zana wa Ferrari motoci, shi ya zana bodinta kuma shi ya riƙa ƙera shi. An yi 504 fiye da miliyan 3 a duniya, amma irin wannan ba su kai 30,000 ba. Kuma ba motar kwalliya kawai ba ce: mai inji V6 ta ci tseren Safari na Kenya a 1978, ta kuma ci na Bandama a Kodibuwa a wannan shekarar, duka biyun Bafaranshe Jean-Pierre Nicolas ne a sitiyari. Tawa dai ƙirar 1973 ce, mai silinda huɗu.

Shekara uku a gareji

Abu na farko da na koya: ƙarƙashinta da na Fijon mahaifina 'yan gida ɗaya ne, amma samanta daban. Kayan inji da na ƙafa da yawa ana samunsu a hannun masu sayar da tsofaffin kayan Fijo. Ƙofa kuwa, ko gilashin gaba, ko fitilar baya, ko bamba, ko ɗaya ba ya shiga. Fitilar baya ta hagu kaɗai sai da na yi wata bakwai ina jira, kafin wani yaronmu da ke zaune a Marsai ya samo mini, ya aiko a jakar wani mai dawowa gida.

Na biyu, man fetur ɗinta ba ta kafireto yake shiga ba, akwai wani famfo ƙirar Jamus, Kugelfischer, da ke fesa shi cikin inji. Makanikai uku suka ce in cire shi a sa kafireto a huta. Na kusa yarda, sai Allah ya haɗa ni da wani dattijo Bayarabe da ya yi zamani a garejin Fijo. Ya ce, "Alhaji, in ka cire wannan, ka cire rabin kuɗin motar." Ya kwance shi a kan tabarma, ya wanke, ya mayar. Da tsohuwar zuma ake magani. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada in kuskura in zuba mata man kwalba na bakin titi, wanda ake ce wa kpayo a nan.

Na uku, iskar teku. Gishirin Kotono ba ya barin ƙarfe ya zauna lafiya, sai da mai walda ya sake mata daɓen ƙasa gaba ɗaya. Da na buɗe littafi na haɗa lissafi, gyara ya ci kusan miliyan 4. A nan ne na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa: sau biyu na ɗebi kuɗin kaya na kai gareji, ban gaya wa kowa ba.

Ranar da aka rufe boda

A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Ku da kuke nan ba sai na ba ku labari ba. Masu sarinmu daga Legas da Kano suka ɗauke ƙafa, kaya suka yi ta kwana a shago, ga haya, ga kuɗin makarantar yara uku. Ana cikin haka wani dillali ya kawo mini Bature da ya ga motar a Fidjrossè. Ya zagaya ta, ya leƙa inji, ya ga famfon nan yana nan, ya ce zai ba da Yuro 15,000. Kusan sefa miliyan 10 ke nan.

Daren nan ban runtsa ba. Bayan sallar asuba na zaunar da Hajiya, na gaya mata tayin, na kuma gaya mata maganar kuɗin kayan da na taɓa ɗiba. Ta yi shiru har na fara tsarguwa. Sannan ta ce, "Alhaji, motar ba ita ce ta ɓata mini rai ba, ɓoyon ne. In kana son ka riƙe ta, riƙe. Amma daga yau ta ci da kanta. Kuma ranar da aka koro yaro ɗaya daga makaranta saboda kuɗi, a ranar za ta bar gidan nan."

Na karɓa. Na sayar da wani fili da nake da shi a gida, na toshe ramin shago. Motar kuma ta fara fita aiki: ɗaukar hoton ango da amarya, da masu bidiyo, jaka 50 a yini, ni nake tuƙa abata. Kuɗin yana shiga wani gwangwanin madara da ke hannun Hajiya, daga nan ake sayen baƙin mai da taya da inshora. Har aka buɗe boda a Disamban 2020, ba a koro ko ɗaya daga cikin yaran ba.

Ga mai sha'awa irin tawa

'Yan'uwa suna yawan tambayata a masallaci ko wannan hanyar ajiye kuɗi ce. Gaskiya ba ita ba ce. Mai saye ya zo mini sau ɗaya a cikin shekara huɗu, atamfa kuwa kullum tana fita. Wanda zai saya, ya saya da rarar da in ta narke ba za a ji a tukunya ba. Ya nemi makaniki kafin ya nemi mota. Ya duba tsatsa a ƙarƙashi, don inji yana gyaruwa da sauƙi, ruɓaɓɓen bodi shi ne mai cin kuɗi. Ya tabbatar lambar bodi ta yi daidai da ta takarda, kuma in motar gado ce, magada duka su sa hannu. Sannan ya gaya wa matarsa farashin gaskiya.

Daɗin kuwa, ba zan ɓoye muku ba, akwai shi. Ranar Lahadi da sassafe, kafin 'yan zemijan masu rigar ruwan ɗorawa su cika titi, nakan fito da ita in miƙi bakin teku. Babu na'urar sanyi, babu kwamfuta, daga kai sai sitiyari da ƙarar inji. In na saka giya ta uku, ƙamshin mai da tsohuwar kujera yakan mayar da ni gaban motar mahaifina, ina riƙe masa kuɗin fasinja a hanyar Katsina. A danja tsofaffi sukan sauke gilashi su tambaye ni shekarunta, samari kuma su ɗaga waya.

Babban ɗana ya fara koyon canza mata fulogi, kuma ya riga ya tambaya ko shi zai gaje ta. Na ce ya je ya tambayi mai riƙe da gwangwani.