Karɓau Kai Tsaye a Turanci da Ɗalibin Yammacin Zamfara

Karɓau kai tsaye shi ne sunan da aiki ya faɗa a kansa ba tare da wata kalma ta shiga tsakani ba. A jumlar "Audu bought a horse", doki ne karɓau. Turanci yana nuna shi da matsayi kawai, watau bayan aikatau, shi kuwa aikatau ba ya sake kama saboda shi.

Hausa ba haka take ba. A 1960 F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya kasa aikatan Hausa aji bakwai, ya kuma nuna cewa na aji na biyu suna sake wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo: ya sayi doki, ya saye shi, ya saya. Wannan ma'auni ne a hannun malami. Ana cewa "ya saya jiya", ba a cewa "ya sayi jiya". Ashe jiya ba karɓau ba ce, haka kuma "yesterday".

Wahala tana ɓullowa a wuri uku. Na farko, Hausa takan bar karɓau idan an riga an san shi. Aka tambayi yaro, "Ka sayi littafin?" sai ya ce, "Na saya." In ya kai wannan cikin Turanci ya rubuta "I bought", ya yi kuskure, domin tilas ne "it" ta fito.

Na biyu, saurara, jira da nema suna ɗaukar karɓau kai tsaye, amma takwarorinsu na Turanci sai da ƙaramar kalma: "listen to", "wait for", "look for".

Na uku ya shafi kaikaitaccen karɓau. Mutumin Anka, Gummi ko Bukkuyum yakan ce "ya saya ma Audu doki", Bakano kuwa "ya saya wa Audu doki". Turanci yana iya jera sunayen biyu ba alama: "He bought Audu a horse." Ɗalibin da ya haddace cewa karɓau shi ne sunan da ke bin aikatau zai ɗauka Audu aka saya.

Saboda haka ya kamata malami ya fara da jumlar Hausa, ya kuwa karɓi "ma" daga bakin yaro yadda ya karɓi "wa". Yaron da aka tsawata wa kan karin harshen gidansu yakan yi shiru, darasin Turancin ma ya wuce shi.