Yadda A Ke Kwance Ma'aunin Kauri In Ya Cije

A cikin kayan awon da mu ke koyo da su, babu mai wuyar sha'ani kamar maikiromita, watau ma'aunin kauri. Wani Bafaranshe, Jean Palmer, shi ya ƙago irin wanda a ke riƙewa a hannu cikin 1848. Cikinsa akwai wata ƙusa mai murɗi, haƙoranta 40 ga kowane inci, har ya kan nuna kashi ɗaya cikin 1,000 na inci. Ko silin gashi ya fi wannan kauri.

To, ran nan muka ɗauko namu muka tarar ya cije, ko motsi ba ya yi. Wani daga cikinmu har ya rarumo filaya, Allah ya sa aka riƙe hannunsa. Da ya murɗa da ƙarfi, lalle da ya kwance, amma da haƙoran sun lalace. Ma'aunin da ya ƙi motsi kuwa ya fi wanda ke motsi yana ƙarya, gama shi kowa ya san ba shi da lafiya.

Abu uku ke sa shi cijewa: tsatsa daga gumin hannu ko laimar damina, da ƙurar hunturu, da tsohon mai da ya bushe ya zama kamar ƙaro.

Ga magani. Da fari a duba ɗan makullinsa, don sau da yawa kulle shi aka yi aka mance. In ba shi ba ne, sai a jiƙa shi cikin kananzir ya kwana, ko kwana uku in ta kama. Sa'an nan a riƙa murɗawa da yatsu kaɗai, gaba kaɗan, baya kaɗan. In ya ƙi, a mai da shi cikin kananzir. Kada a buga shi, kada kuma a kai shi wuta. Mahaƙurci mawadaci.

In ya saki, a zare ƙusar duka, a goge da tsumma mai tsabta, a ɗiga mata ɗigo ɗaya na man keken ɗinki. Bayan an mayar, a haɗa bakinsa a hankali a ga ko ya tsaya kan sifiri. In ya kauce, a daidaita shi da 'yar sifanar da ke cikin akwatinsa.

Kullum in za mu ajiye shi, mu goge shi, mu bar bakinsa a ɗan buɗe. Gobe mu ne za mu koya wa yara awo, tilas mu fara sanin haƙƙin ma'auni.