Tiriptofan: Sinadarin da Ke Kwantar wa Kifi Hankali

Ka taɓa lura da yadda wayarka ke ɗaukar zafi tana shanye batir idan manhajoji sun yi mata yawa? Kusan haka jikin kifi yake idan ya shiga damuwa. Da zarar an cunkusa shi a tafki, ko an kama shi da raga, ko an yi doguwar tafiya da shi a mota, ƙwaƙwalwarsa na aika saƙo zuwa wasu ƙwayoyi da ke gaban ƙodarsa, su saki sinadarin kotizol cikin jini. Na ɗan lokaci kotizol taimako ne, domin yana ba kifi ƙarfin tsira. Amma idan ya daɗe a sama, kifi ya rage cin abinci, girmansa ya tsaya, garkuwar jikinsa ta yi rauni.

A nan ne tiriptofan ya shigo. Yana cikin sinadaran amino da ke gina furotin, kuma jikin kifi ba ya iya haɗa shi, sai dai ya samu a abinci. Da shi ƙwaƙwalwa ke yin serotonin, wanda ke da hannu wajen sarrafa fushi da firgici.

A shekarar 2002, masu bincike a Jami'ar Uppsala da ke Suwidin sun ciyar da kifin tirawut, wani kifin ruwan sanyi, abincin da aka ƙara wa tiriptofan har kwana 7. Daga nan suka rage ruwan tankin don su tsorata shi. Kifin da ya ci ƙarin bai saki kotizol da yawa kamar sauran ba. Sai dai akwai abin lura: a kifin da ba a taɓa ba, ƙarin ya ɗan ɗaga kotizol ɗin. Wato sinadarin ba makunnin kashe damuwa ba ne, ya fi kama da saitin rage ƙarar waya.

Matasa da yawa a nan sun zuba jarinsu a kiwon tarwada, kuma sun san asarar da ake tafkawa wajen jigilar 'ya'yan kifi, da yadda manya ke cinye ƙanana. Amma tarwada ba tirawut ba ce. Kafin ka sayi wani gari da aka tallata maka a Facebook, fara da ruwa mai tsabta, rage cunkoso, da ware kifi bisa girmansu, sannan ka tuntuɓi masanin kiwon kifi.