YADDA ZA KA SAN YAWAN 'YA'YAN KIFINKA BA TARE DA KA ƘIRGA ƊAYA-ƊAYA BA



Da yawa daga cikin sababbin masu kiwo sukan sayi 'ya'yan tarwaɗa, a ce musu dubu biyar ne, su karɓa haka nan. Idan adadin bai kai ba, ka biya kuɗin abin da ba ka samu ba, sannan za ka riƙa zuba abinci fiye da kima, ruwa ya lalace. Ƙirga su ɗaya-ɗaya kuwa yana cin lokaci, kuma yana galabaitar da su. Mafita ita ce ka ɗebi samfur, ka lissafa sauran.

Kayan aiki: rariyar shayi, baho biyu masu ruwa mai tsafta, da biro da takarda.

1. Fara tace su bisa girma. Tarwaɗa ba sa girma tare, kuma manyan suna cinye ƙanana. Idan aka gauraya su, rariya ɗaya ta ɗebo da yawa, wata ta ɗebo kaɗan, lissafi ya rikice.

2. Tara su a baho ɗaya. Kada ka ɗebi samfur kai tsaye daga tanki, domin suna son cunkushewa a kusurwa da wajen duhu. Wanda ya ɗebo daga kusurwa kawai zai zaci ya fi haka kifi.

3. Cika rariyar daidai baki, ka juye a ruwa, ka ƙirga. Yi haka aƙalla sau uku: a farko, a tsakiya, da ƙarshen aikin.

4. Misali ka samu 190, 210 da 200. Haɗa su ka raba uku, ya zama 200 a kowace rariya.

5. Sai ka kwashe duka da wannan rariyar kana ƙirga adadin cikawa. Idan sau 25 ne, 200 sau 25 ya ba ka 5,000.

Samfur nawa ya isa? Idan lambobin sun yi kusa da juna kamar na sama, uku sun wadatar, ƙari wahala ce kawai. Amma in ka ga 140, 260 da 190, akwai matsala: ko girmansu ya bambanta, ko cikawarka ba iri ɗaya ba ce. Sake tacewa, ka ƙara samfur biyu ko uku.

A yi aikin da sassafe ko da yamma lokacin da rana ba ta da zafi, kafin a ba su abinci, kuma a yi sauri kada su daɗe a wajen ruwa.

Ranar saye, ka nemi a yi wannan awon a gabanka. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa.